Tsohon da Baba Ya Ɗora a Sitiyarin Jirgi

Mu mutanen Jos ba mu da teku. Ruwa mafi girma da na sani har na yi aure shi ne ramin da masu haƙar kuza suka bari a bayan gari, ruwan sama ya cika shi ya yi kore, iyaye suna hana 'ya'yansu zuwa wurin. Duk da haka, a cikin shagonmu na ɗinki da ke Nasarawa Gwom, mahaifina ya nutsar da jiragen yaƙi sun fi ashirin a damina ɗaya, kuma ko sau ɗaya bai yarda cewa laifinsa ne ba.

Kafin in kai ga jirgi sai na fara da almakashi, don shi ne tushen maganar. A shagonmu kekunan ɗinki huɗu ne, amma teburin yanka ɗaya ne, babban almakashi ma ɗaya. Baƙi ne mai nauyi, an naɗe mariƙinsa da ƙyallen shadda wanda gumi ya mayar kalar ƙasa. Na kakanmu ne, tun lokacin da yake ɗinka wa leburorin kuza gajeren wando. Dokar shagon ba a rubuce take ba, amma kowa ya san ta: wanda yake yanka da almakashin nan shi ne oga. Sauran duk bin layin allinsa suke yi.

Baba ya riƙe shi tun kafin a haife ni, har ranar da hawan jini ya kwantar da shi mako uku, ya tashi hannunsa na dama yana rawa. Likita ya ce ya huta. Sai ya miƙo mini almakashin ba tare da ya dube ni ba, ya ce, "A riƙe wannan zuwa bayan Babbar Sallah, mu gani." Riƙon ƙwarya ke nan. Ni kuwa ban ɗauki "mu gani" ɗin a bakin komai ba, domin ni ne ɗan fari. Ƙanina da muke shagon tare, shekara shida na ba shi. Magidanci ne da 'ya'ya biyu, amma mutum ne wanda in ka ce masa sannu sai ya yi tunani kafin ya amsa. Ban ga yadda za a tsallake ni a ba shi ba.

Akwai gaskiyar da ba na son ji a lokacin: ya fi ni hannu nesa ba kusa ba. Shi kallo ɗaya zai yi wa mutum ya gane wace kafaɗar ce ta fi sauka. Ni sai in auna sau biyu, in rubuta a littafi, sannan in yanka hannun riga ɗaya ya fi ɗan'uwansa tsawo. Amma Allah ya ba ni baki. In kwastoma ya shigo a fusace yana kaɗa kaftaninsa, kafin shayinsa ya huce na gamsar da shi cewa haka manya suke yayi a Abuja yanzu. Zai fita yana godiya, wani lokacin ma ya bar mana wani yadin.

Hutun da likita ya ce a yi, a shago Baba ya zo yana yin sa. Kullum da hantsi zai iso da rigar sanyi da carbi, a ajiye masa kujerar roba kusa da ƙofa, daga nan sai mulki. Wannan ɗinkin ya karkace. Wa ya bar dutsen guga a kan shaddar mutane? Zaren nan ba kalarsa ba ne, makaho ma ya gani. Telolinmu biyu, dattawa da iyalansu, suka koma ƙirƙiro jana'iza don su samu su sha iska. Ɗayansu ya binne kawunsa guda sau biyu a wata ɗaya.

Ni ba ya yi mini faɗa kai tsaye, saboda kunyar ɗan fari. Tunda nake bai taɓa kiran sunana ba, bai taɓa yabona ba, kuma in zai yi mini magana bango yake kallo. Sai ya ce wa bango, "Wasu dai in sun yi yanka sai ka rantse da haƙori suka yi." Bango ya ji, ni ma na ji.

A shekarar nan muka sayi tsohuwar kwamfuta 'yar gwanjo saboda injin aikin wuya, wanda sai an tura masa zane yake surfani. Wanda ya sayar mana bai goge tarkacen cikinta ba, a nan na tsinci wani gem, wato wasan kwamfuta, na yaƙin ruwa. Kai ne kyaftin. Za a ba ka jirgi mai igwa da ma'aikata takwas waɗanda kwamfuta ce take motsa su. Kowannensu da hoton fuskarsa, a ƙarƙashin hoton kuma taurari masu nuna abin da ya iya, ko tuƙi, ko harbi, ko gyaran inji, ko kashe gobara. Naka shi ne ka ajiye kowa a wurinsa, ka ba da umarni, su kuma su yi. Ba sa musu, ba sa zuwa jana'iza.

Ranar da na ga Baba ya sa wani tela ya farke aljihu ɗaya sau uku, sai dabara ta faɗo mini. Na ɗauko kwamfutar na ajiye a kan benci gaban kujerarsa.

Na ce, "Baba, ga wasu mutane nan ba su da shugaba."

Ya daɗe yana kallon fuskokin nan takwas. Can ya ce wa allon kwamfutar, "'Ya'yan waye?"

"Ba su da iyaye, Baba. Kwamfuta ce ta yi su."

Ya ce, "Da alama."

Na ɗauka zan koya masa dannawa in koma teburina. Ashe na haƙa wa kaina rami. Baba ya ƙi taɓa maus ɗin da ake dannawa, ya ce oga ba ya taka keke, shi zai faɗa, wani ya danna. Wanin nan kuwa ni ne. Haka na zama ɗan aike tsakanin mahaifina da wasu Turawan ƙarya, kullum daga bayan Azahar har La'asar. Yankan da ya taru kuma na ce wa ƙanina ya riƙa rage mini da ƙaramin almakashi. Babban dai yana cikin durowata, makullin yana aljihuna.

Umarnin Baba na farko shi ne a jera masa su bisa shekaru. Na ce gem ɗin bai rubuta shekaru ba. Ya ce ai yana da ido. A cikinsu akwai wani tsoho mai farin gemu da jan hanci, shi Baba ya nuna da carbi ya ce a ɗora a sitiyari, tunda nan ne kan jirgi. Na duba, tauraronsa na tuƙi ɗaya ne tak. Akwai kuma wani saurayi da ko gashin baki bai tsiro masa ba, taurarinsa na tuƙi biyar cif. Na nuna wa Baba.

Ya ce, "Wannan a kai shi can ƙasa ya kwashe ruwa. Kowa daga ƙasa yake farawa."

Muka tashi jirgi. Ko abokan gaba ba mu hango ba tsohon ya nufi wani dutse da ke tsaye a tsakiyar ruwa, dutsen da ko daga Bukuru za ka iya gani, ya rungume shi. Jirgi ya tsage, ruwa ya shigo, saurayin nan yana can ƙasa yana ta famfo har muka nutse gaba ɗaya. Baba ya ja carbi biyu, ya ce, "Dutsen ne ba a wurinsa yake ba. A sake."

A mako na biyu muka samu mai ba da shawara. Abokin Baba ne daga Kabong, tsohon malamin makaranta, Kirista, wanda tun yana saurayi Baba ke ɗinka masa riga da wando na safari. Mu Ticha muke ce masa. Shekara talatin ya yi yana zana wa yara tekunan duniya a allo, kuma ya taɓa ganin na gaske sau ɗaya, ta tagar bas, a kan wata gada a Legas. Wannan ya isa ya zama masanin teku a duk layinmu. Ya zo gwada wando ne, ya tarar da mu a tsakiyar yaƙi, ya jawo kujera, bai sake tambayar wandon ba.

"Alhaji, wannan igwa ya yi zafi, ka bar shi ya huta," in ji Ticha. "Teku ba ya son gaggawa, ni na gan shi da idona."

Su biyun suka taru suka gano cewa waɗanda suka yi gem ɗin ba su taɓa riƙe ma'aikata ba. Umarnin da ke ciki kaɗan ne: harba, tsaya, juya, je ka can, kashe wuta. Baba ya ce da wannan ko rumfar shayi ba za ka iya riƙewa ba. Ina harara? Shi rabin aikin shagonsa da harara ya yi shi, kallo ɗaya mutum ya gane kuskurensa. Yana so a sa maɓallin harara, a sa kuma wani na gyaran murya. Yana so in an ba mutum umarni ya ce "to, oga" kafin ya ruga, ba ya juya ƙeya kamar an aiki akuya ba. Abin da ya fi ɓata masa rai shi ne rashin ƙaryarsu. In mai gyaran inji ya ce saura daƙiƙa talatin, to daƙiƙa talatin ɗin ce. Baba ya ce shi bai yarda da ma'aikacin da ba ya cewa "saura kaɗan" ba, domin irin wannan ba ka san ta inda za ka kama shi ba.

Ticha yana rubuta duk wannan a bayan takardar awo, wai za mu aika wa masu gem ɗin. Shi ma ya ƙara nasa, cewa a ba su hutun Lahadi, kuma a sa musu mai dafa abinci, don tunda yake kallo bai ga ɗayansu ya kai loma baki ba. Ranar da aka kira La'asar muna tsakiyar musayar wuta, na danna maɓallin da ke tsayar da komai. Baba ya dawo daga masallaci ya tarar da su a daskare yadda ya bar su, kowa a tsaye. Ya girgiza kai ya ce mutane suna zaune a kan ruwa iya ganinka, amma an rasa wanda zai yi ko alwala.

Gaskiya ba tsohon kaɗai ke nutsar da mu ba, har da bakin Baba. Mutum ɗaya zai ba umarni biyar a minti guda. Je ka igwa. A'a, ga wuta can. Dawo, wa ya ce ka bar igwa? Ni kuma ina dannawa, bawan Allah yana hawa yana sauka, har a ƙarshe ya tsaya a tsakiyar matakala yana juye-juye, jirgi na ci da wuta. Wata rana ina lalube sai na gano ana iya ba su umarni tun kafin a fita. Ka ce wa wannan, in gobara ta tashi bar komai ka je. Ka ce wa wancan, kada ka harba sai sun matso. Daga nan ka cire hannunka, kowa ya san abin yi.

Baba ya ce, "Wato a bar mutum ya yi aiki ba wanda ke tsaye a kansa?"

Na ce haka ne. Telolin nan biyu suka dubi juna, kowa ya sunkuyar da kai kan kekensa.

Baba ya yarda a gwada, don dai ya nuna mana ba zai yiwu ba. Muka nutsar da jiragen abokan gaba biyu a ranar. Daga makon nan faɗan shago ya ragu, jana'iza ma ta yi sauƙi a dangin telolinmu. Ni kuma kaina ya kumbura. Na fara jin cewa ni ne mai ilimin riƙe mutane a gidanmu, kuma Baba yana gani, Sallah kuma tana matsowa.

Abu ɗaya ne ya ƙi taɓawa, shi ne sitiyari. A buɗaɗɗen ruwa tsohon yana lallaɓawa, tunda ba abin da zai buga. Sai muka kai wani mataki da dole jirgi ya bi ta wani siririn lungu tsakanin duwatsu biyu, abokan gaba suna jira a ɗaya bakin. Mako uku muna abu ɗaya. Yau ya bugi na dama, gobe na hagu, ranar da ya ji daɗi ya haɗa duka biyun. Ticha ya ce iska ce. Baba ya ce ruwan wurin ne ba shi da kyau. Ni kuwa da nake dannawa, ina kallon saurayin nan a ƙasa yana famfo har ruwa ya shanye kansa, kullum sai na ji kamar in fasa kwamfutar.

Ranar wata Laraba, ana ruwa kamar da bakin ƙwarya, shago cike da kayan Sallah, tsohon ya sake rungumar dutsen dama. Baba ya ce, "A sake." Ni kuma abin ya kai ni bango.

Na ce, "Baba, don Allah a duba maganar nan. Furfura ba ta tuƙa jirgi. Don mutum ya riga wani zuwa duniya, ba shi ke nuna ya fi shi iya aiki ba. Ga wanda ya iya can an tura shi ƙasa, kowa a jirgin nan ya san shi ne ya iya, amma saboda kunya an bar wanda bai iya ba yana ta ɓarna. Ruwan ma da yake kwashewa, wa ke jawo shi? Babba ya ɓata, ƙarami ya gyara a ɓoye, kuma babban ne oga. Wannan ai zalunci ne."

Na ji kekuna sun tsaya cak. Na ɗauka daɗin maganata ne ya kama su, har na gyara zama zan ƙara. Sai Ticha ya yi wani tari wanda ba na mura ba, yana kallon bayana. Na waiwaya. Ƙanina yana tsaye a teburin yanka da ƙaramin almakashi, gabansa wata farar shadda ce da na yanka da safe na cinye mata wuya. Yana ta dabarar yadda zai fitar da kaftani daga abin da na bari. Bai ɗago ba, sai dai almakashin ya tsaya a hannunsa a buɗe.

A duk rayuwata ban taɓa jin bakina ya yi mini nauyi irin na ranar ba. Na so ƙasa ta tsage.

Baba bai dube ni ba, ai dama ba ya dubana. Ya ce wa allon, "To in an sauke tsohon, ina za a kai shi? A jefa shi ruwa?"

Don in samu abin yi da hannuna, na danna hoton tsohon. Sai ga wani layi a can ƙasa da ban taɓa kulawa da shi ba, na kwantar da hankalin ma'aikata. In an bugi jirgi mutane suka firgita, akwai wanda ke tsayawa a tsakiya yana yi musu magana har kowa ya koma bakin aikinsa. A nan tsohon taurari biyar gare shi. Na karanta wa Baba da muryar da ni kaina da ƙyar na ji.

Ya ce, "Hmm." Ya tashi, ya karɓi lemar Ticha, ya tafi gida tun kafin La'asar. Bai sake cewa a kunna gem ba har Sallah.

Kwana goma sha biyun da suka rage kafin Sallah na zama babban lauyan tsohon. Da Baba ya zauna sai in matso in ce na sake tunani, akwai ƙwarewar da taurari ba sa nunawa. In ce ai shi saurayin nan daga ganin idonsa zai yi gudun ganganci. Har cewa na yi wataƙila da gaske dutsen ne ba a wurinsa yake ba. Baba ya saurara, ya ce wa bango, "Wasu dai kullum da sabuwar fatawa."

Na kuma dage da yanka. Na karɓe komai daga hannun ƙanina, ina awo sau uku, ina zana alli kamar mai zanen gida. Na yi ƙoƙari, Allah ya sani. Sakamakon shi ne muka yi jinkiri, kuma wani Alhaji mai sayar da kayan mota ya je Idi da babbar rigar da aljihunta ke kusa da hammata. Da ya zo washegari yana huci, na zaunar da shi, na tambayi jikin mahaifiyarsa, na bayyana masa cewa ɓarayin filin Idi ba sa kai hannu can sama. Ya tafi yana dariya. Baba yana kujerarsa yana jin komai.

Kwana huɗu bayan Sallah, shago ba aiki, kowa yana sakace naman haƙori, Baba ya iso tare da Ticha. Ya zauna ya ce, "A kunna."

Na kunna. Fuskoki takwas suka fito.

"A sauko da tsohon, a kai shi tsakiyar jirgi. A ɗora wancan a sitiyari."

Na ce, "Baba, ko a ƙara ba shi dama ɗaya?"

"A danna."

Hannuna ne ya danna, ba ni ba. Saurayin ya hau sitiyari, ya shiga lungun nan kamar zare a kafar allura, ko gefe bai goga ba. Muna fitowa abokan gaba suka sakar mana wuta. Igwa ɗaya ta tashi, gobara ta kama baya, hotunan mutanenmu suka koma ja, alamar sun firgita, biyu har sun saki aikinsu sun nufi bakin jirgi. Sai ga tsohon nan a tsakiya yana ɗaga hannu, jan hancinsa yana sama yana ƙasa. Ban san me yake gaya musu ba, wataƙila shi ma cewa yake haka ake yayi a Abuja. Ɗaya bayan ɗaya dai suka huce, kowa ya koma wurinsa. Aka kashe wutar, muka nutsar da jirage uku, wani kiɗa ya tashi wanda ba mu taɓa ji ba tunda muka fara.

Ticha ya miƙe tsaye ya ce, "Alhaji, mun ci shi!" Telolin suka yi tafi. Ni ban yi ba.

Baba ya jira hayaniyar ta kwanta. Sannan ya matso da kujerarsa, ya nuna hoton tsohon da carbi, ya fara magana da shi kamar yana jin Hausa.

Ya ce, "Wannan bawan Allah ni na cuce shi. Na ajiye shi inda kullum kasawarsa za a gani, don ina jin nauyin a ce na sauke babba. Alhali ba don shi ba da tuni kowa ya watse. Mai iya riƙe ƙarfe ana samu. Mai iya riƙe mutane, ni a rayuwata ban ga da yawa ba." Ya ja carbi ɗaya. "Lokacin da nake kwance, an gaya mini ko kwastoma ɗaya bai bar shagon nan ba. Na san ba kyan yanka ne ya riƙe su ba. Na san wanda ya riƙe su, kuma ina alfahari da shi."

Duk wannan allon kwamfuta yake kallo. Shekarata arba'in da ɗaya a lokacin, kuma wannan ne yabo na farko da na samu daga mahaifina. Ta hannun wani Bature mai jan hanci wanda ba shi da iyaye ya iso gare ni. Na so in yi dariya, amma ban iya ba.

Baba ya jingina, ya ce wa bango, "Almakashin nan yana da nauyi. A kai shi tebur."

Daga durowata zuwa teburin yanka taku huɗu ne. Na buɗe, na ɗauko, na taka su. Ba zan yi ƙarya ba, abin ya yi mini ciwo, ciwo sosai, kuma sanin cewa gaskiya ce bai rage komai ba. Ƙanina ya ɓoye hannuwansa a baya.

Ya ce, "Yaya, wallahi ni ban nema ba."

Na ce, "Na sani. Karɓi kafin in sake fatawa."

Ya karɓa da hannu biyu, idonsa ya cika. Ticha ya tuna da wandonsa a daidai lokacin, ya fara tambaya da ƙarfi ko an gama, Allah ya saka masa da alheri.

Yanzu ƙanina ke yanka, ni ke karɓar mutane, ni ke zuwa kasuwa, ni ke raba faɗan teloli. Shagon ya fi da, kekuna sun zama bakwai. Abin haushin kawai shi ne tunda ya karɓi almakashin kwastomomi sun daina zuwa a fusace, baiwata tana nan tana tsatsa. Takardar shawarwarin da Ticha ya rubuta ba mu taɓa aikawa ba, ba mu ma san wa za mu aika wa ba. Tana cikin durowar da almakashin yake a da.

Baba ya rasu shekara biyu bayan haka, Allah ya jiƙansa. Har ya koma ga Mahaliccinsa bai kira sunana ba, ni ma ban sa rai ba. Kwamfutar tana nan, batirinta ya mutu, sai da wuta take tashi. Wani lokaci in rana ta yi sanyi, shago ba kowa sai ƙarar almakashi daga teburin ƙanina, nakan jawo kujerar robar nan in kunna gem ɗin. In sauke saurayin, in mayar da tsohon sitiyari, in ce masa bismillah, wataƙila yau. Yakan tafi tiryan-tiryan da ƙarfin gwiwarsa, ni kuma ina bayansa da addu'a. Har yanzu dutsen yana nan a wurinsa.